Sunan Garin Kakan Baba Nomau

Wata takwas na yi a Amurka kafin na ga ko itacen auduga ɗaya, alhali da sunan karatun auduga na bar Bungudu. Sunana Lawali, malamin gona, shekara shida ina yawo a kan babur tsakanin Magami da Bilbis ina koya wa manoma tazarar shuka da lokacin feshi. Wani ɗan garinmu da ya daɗe a can ne ya yi mini hanya. A waya bakinsa zuma: makaranta tana jira, ɗaki yana jira, har da aiki a gonar gwaji. Da na sauka sai na tarar makarantar ɗaki biyu ce a saman wani shagon tayoyi, karatun kuma na wata uku ne a kwamfuta. Masaukin da ya yi mini alkawari mu shida ne a ciki, ana kwana bi da bi. Sau biyu na sa shi a ido, daga nan lambarsa ta daina shiga. Ko Allah ya isa ban iya yi masa da baki buɗe ba, don uwarsa aminiyar marigayiya innata ce.

Zangona na farko mayankar kaji ce, a wani ƙaramin gari da ko masallaci babu. Tsaye ake yini cikin sanyi irin na firji, kaji suna wucewa a rataye, kai kuma kana fiɗa har yatsunka su daina jin wuƙa. Ba bisimilla, ba fuskantar gabas, inji ne ke yanka. Naman da nake taɓawa tun safe har yamma ban taɓa kai shi baki ba. Burodi da kifin gwangwani na rayu a kai. Wata rana na tsinci kaina ina kuka a bayan ma'aikatar, ba don an zage ni ba, sai don na tuna ƙamshin daddawa a miyar kuka. Namiji da gemu! Idan aka kira daga gida kuwa sai in gyara murya in ce karatu na tafiya daidai.

Da hannuna ya kumbura aka sallame ni. Wani abokin kwanana ya haɗa ni da masu yankan ciyawa, aka riƙa kwasar mu a bayan mota ana kai mu gidajen masu hali. Ran nan motar ta bar kwalta ta shiga wata doguwar hanya, manyan itatuwa dama da hagu sun haɗe kai a sama. A ƙarshenta ga wani farin gida mai ginshiƙai, ya fi sakatariyar ƙaramar hukumarmu girma. A gefensa kuwa, ikon Allah, ga auduga! Ɗan fili ne da bai kai kadada ba, an shuka ta don baƙi su tsaya a ciki su ɗauki hoto. Na diro na kama ganyenta ina jujjuyawa kamar na ga ɗan'uwa. Tazarar ma ba daidai ba ce, amma wa ya tambaye ni.

A nan aka bar ni dindindin, ni da injin yankan ciyawa, saboda wurin ba ya rabuwa da aiki. Tsohon gandu ne na wani attajirin Bature mai bayi, yanzu an mai da shi wurin yawon buɗe ido. Ranar Asabar kuma bukukuwan aure ake yi a ƙarƙashin itatuwan.

Kwana uku da fara aiki wata tsohuwa baƙar fata ta same ni ina sallar azahar a bayan rumfar kayan aiki. Ta tsaya har na sallame. Ita ce mai dafa abincin baƙi, sunanta Loretta, ni kuma Mama Loretta na riƙa ce mata don bakina ba ya iya kiran sa'ar kakata da gatsal.

Ta ce, "Yaro, na ga kana mayar da abincin da ake ba ku. Naman alade ne ba ka ci, ko?"

Na ce haka ne.

Washegari ta zo da shinkafa da wake mai baƙin ido, irin namu sak, da kuɓewa a gefe. Na ci ina sunkuyar da kai don kada ta ga idona. Tun daga ranar kwanona daban yake a ɗakin girkinta.

Ita ta nuna mini wurin, ba yadda ake nuna wa baƙi ba. Baƙi ta ƙofar gaba ake shigar da su, wata budurwa cikin doguwar riga irin ta da tana nuna musu fitilu da farantai da hoton maigidan, tana cewa mutumin kirki ne, ya gina coci, ya yi alƙalanci, ya zauna a majalisa. Idan ta zo kan waɗanda suka yi noman sai ta ce "ma'aikatan gida". Mama Loretta kuwa ta bayan gida ta bi da ni. Ta nuna mini ƙararrawar da ake kaɗawa tun duhun asuba, da bukkokin katako guda huɗu da suka rage daga dogon layi, da ma'aunin da ake auna audugar kowa da yamma, wanda tasa ta gaza a kai shi gindin itace a yi masa bulala. Ta ce doka ta hana a koya musu karatu. Ta ce idan farashin auduga ya faɗi, ko maigida ya mutu aka zo rabon gado, uwa tana kallo ake tafiya da ɗanta, ba ta kuma ganinsa. Kuma masu yin haka ba 'yan fashi ba ne, su ne manyan ƙasa, har da waɗanda suka mulki Amurka.

Ta ce, "A waccan bukkar ta ƙarshe aka haifi kakar kakata."

Akwai maƙabarta biyu a gandun. Ta iyalan maigida tana da shingen ƙarfe da fararen duwatsu, kowa da sunansa da na ubansa da garin da zuriyarsu ta fito a Turai. Ni nake aske ta duk Alhamis, har da almakashi a gefen duwatsun. Ɗayar tana cikin kurmi a bayan fadama. Ba dutse, ba suna, sai ƙasa da ta lotsa nan da can. Ba a sa ni yanke ciyawarta ba ko sau ɗaya.

Mama Loretta ta ce shekara talatin ke nan tana neman abu guda: daga ina aka kawo matar farko ta zuriyarsu. Ta bi ɗakunan ajiyar takardu, ta bi coci-coci. Abin da ta samu layi ɗaya ne a takardar rabon gado, sunan matar a tsakanin alfadari da tukunyar ƙarfe. Sunan ma ba nata ba ne, maigida ne ya raɗa mata.

A nan na yi wautar da har yau in na tuna nake jin kamar in nutse. Ina tauna shinkafarta, na gyara zama na ce, "Kai, waɗannan mutane ba su da imani. Mu ma a wurinmu an yi bauta, gidanmu ma kakanninmu suna da bayi, amma ba irin wannan ba. Kamar 'ya'ya aka riƙe su. Har yau jikokinsu suna nan tare da mu, lafiya lau."

Ta ajiye cokalin da ke hannunta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Abin da yarinyar can mai doguwar riga take faɗa ke nan kullum ƙarfe goma. Su ne suka gaya maka haka, ko ku ne kuka gaya wa kanku?"



Ta ƙara da cewa, "Su jikokin, sun san daga ina aka kawo su?"

Nan take Baba Nomau ya faɗo mini a rai.

A bayan gonarmu ta gado akwai 'yar unguwa da ake kira Rinji, inda bayin kakan babana suka zauna. Baba Nomau shi ne dattijonsu. Duk kaka shi ke kawo damin gero na farko ƙofar gidanmu, ya tuɓe takalmi tun daga gindin dalbejiya, ya durƙusa ya gai da Alhaji, mahaifina, wanda ya girme wa da shekara goma. Kuma duk wanda ya mutu a gidanmu, mutanen Rinji ne ke haƙa kabarinsa, haka muka taso muka gani. Ranar da innata ta rasu da damina ne, ramin yana cika da ruwa, Baba Nomau yana ciki har gwiwa yana kwalfewa da ƙwarya, bai yarda kowa ya karɓe shi ba. A wuyansa na riƙa ƙetare rafi zuwa firamare. Ban taɓa tambayar kaina dalilin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kamar yadda mutum ba ya tambayar dalilin da ya sa rijiya take bayan gida.

Sunan kakansa Nasamu. Kowa ya san ba sunan yanka ba ne, irin wanda ubangida ke sa wa abin da ya samu ne. Yana yaro aka kamo shi daga wani wuri a kudu. Mutum ɗaya ta rage da ta zauna da shi ta ji labarinsa daga bakinsa, ita ce kakata Inna Kulu, wadda aka kawo gidanmu amarya lokacin Nasamu ya tsufa yana yi mata surfe. To amma mutumin Rinji ba ya shiga cikin gida ya titsiye uwargida da tambaya, balle irin wannan. 'Ya'yanta ma kunya ba ta barinsu. Jika ne kaɗai, saboda wasan jika da kaka, zai iya tambayarta komai ta amsa tana zaginsa. Ni ne kuwa ɗan lelenta, "maigidana" take ce mini.

Shekara huɗu kafin tafiyata, muna ɗaurin gero, Baba Nomau ya ja ni gefe. Ya ce, "Ɗan ubangidana, alfarma nika nema. In kun zauna raha da Inna, ka tambayam mini ita, wane gari anka ɗauko kakana, kuma mi as sunanshi na gaskiya."

Na yi dariya na ce, "Baba, mi za ka yi da shi? Komawa za ka yi?"

Ya ce, "A'a. In sani dai kahin in kwanta."

Na ce to. Bayan shekara ya sake tuna mini, na ce ban samu ta cikin raha ba. Ƙarya nake yi, kullum muna cikin raha. Nauyin maganar nake ji, ina ganin kamar tonon asirin gidanmu ne. Na uku bai ma yi magana ba. Ana gobe zan tafi ya kawo mini ƙullin ƙuli-ƙuli, ya dube ni kawai, ni kuma na ce, "In na dawo, Baba."

Duk wannan na zayyane wa Mama Loretta a bakin ɗakin girkinta. Da na gama ta ce, "Kana nufin matar da ta sani tana da rai? Yanzu haka tana numfashi? Kai kuma kana zaune kana cin wake?"

Da safe kafin mota ta zo na kira gida. Wayar Alhaji ce ta shiga, kuma na yi kuskuren gaya masa abin da nake so. Ya ce, "Lawali, karatun da munka tura ka ke nan? Turawa sun ba ka aikin tone-tone? Wanga zance ya mutu tun kahin a haihe ni. Wa ya taɓa wulakanta Nomau a gidan nan? Kak ka kuskura ka tayar wa tsohuwa da hankali." Ya kashe.

Na koma neman ƙanwata Saratu, wadda ke kwana ɗakin Inna. Lokacin kuwa sabis a wajenmu sai an hau tudu, wani lokaci a yi mako babu shi ɗungurum saboda halin da ake ciki na 'yan bindiga. Sati uku ina bugawa. Ina tura injin a kan kaburburan masu gandu, waya tana aljihun gaba, ko tsuntsu ya yi ƙara sai in kashe injin in duba. Mama Loretta ta daina gaishe ni da "ina kwana", sai dai ta ɗaga gira, ni kuma in girgiza kai.

Ran wata Talata ta shiga. Saratu ta kai wa Inna wayar har kan tabarma.

"Wa ke nan? Maigidana mai gudun cefane? Ka tahi ka auri Baturiya ka bar ni da yunwa?"

Na ce, "Ke tsohuwa, wa zai auri mai haƙori biyu ya zauna? Baturiyar ma ta fi ki iya tuwo."

Ta yi dariya har da tari. Na bari ta lafa, na ce, "Inna, don Allah in tambaye ki. Nasamu, kakan Baba Nomau, ya taɓa gaya miki garinsu?"

Na zaci za ta yi faɗa. Ko kusa. Ta ce, "Awo, sau nawa! In yana surhe waƙar garin yaka yi da yarensu, hawaye na zuba cikin turmi, ni ko ina yarinya ina yi mishi dariya, Allah ya yahe mini." Sai ta faɗi sunan garin, wani ƙauye a cikin duwatsun kudu, ta faɗi sunan da uwarsa ta sa masa, har da na uwar. Ta ce ya gaya mata suna tsaron gona da ƙanwarsa mahaya suka zo, ita aka yi wani wajen da ita. Na rubuta a bayan takardar awon mai na injin. Ba zan sa sunayen a nan ba, don ba nawa ba ne.

Ta ce, "Mi ya sa ba wanda ya taɓa tambayata? Ni na aza ba mai so."

Da na duba wayar bayan mun gama, duka maganar, har da zagin da tarin, minti huɗu ce da 'yan daƙiƙu.

Saura isarwa. Saratu ta ce ai mutanen Rinji sun watse tun wata biyu da suka wuce, bayan an shiga unguwar an kore shanu an ƙone rumbuna. Ba wanda ya gaya mini, wai kada hankalina ya tashi. Baba Nomau yana Tsafe wurin 'yarsa Hassi, a wani kangon gida da aka ba su aro. Ta ce in gaya mata saƙon ta aika da direban da ke zuwa can ranar kasuwa. Na ƙi. Na ce ni na ɗauki alkawari, da bakina zan sauke, ta dai samo mini lambar Hassi. Ina son in ji muryarsa lokacin da zai ji. In faɗi gaskiya, ina son ya sa mini albarka, in ji na wanku. Son kaina ne, ba wani abu ba.

Kwana goma sha shida lambar ta ɗauka kafin ta zo. Na kira ina tsaye a bakin shingen ƙarfen nan, takardar a hannuna.

"Salamu alaikum, Hassi ce? Lawali ne na gidan Alhaji, daga Amurka."

"Malam Lawali. Ina wuni. Ya hanya?"

"Lafiya lau. Ba ni Baba, ina da albishir."

Ta ce, "Baba ya riga mu gidan gaskiya. Ran Juma'a munka kai shi."

Na lissafa a raina. Ranar kasuwar da direban zai kai saƙon ta riga Juma'ar da kwana biyar. Na zauna a kan ciyawar da na aske ɗazu. Na yi innalillahi, na yi ta'aziyya da abin da ya rage mini na murya. Sai na ji bakina yana tambayar abin da na riga na san amsarsa.

"Wa ya haƙa mishi?"

"Mutanen unguwa nan Tsahe. Ba su ma san shi ba, Allah ya saka musu."

"Daga gidanmu wa ya zo?"

"Ba kowa. Hanya ba kyau. Alhaji ya aiko da gaisuwa, mun gode."

Ba da gatse ta faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Mutumin da ya shiga ramin kowane mamaci na gidanmu shekara hamsin, ba a samu ɗayanmu da ya zuba masa ƙasa ko tafi guda ba.

Na ce, "Hassi, akwai abin da ya sa ni in tambayam mishi. Sunan garin kakanku, da sunanshi na gaskiya. Na samo. Bari in gaya miki."

Ta ce, "Ya yi ta cigiyarka da ciwon ya yi tsanani. Yana cewa ɗan ubangidana bai manta ba, karatu ne ya riƙe shi." Ta ja numfashi. "Riƙe abinka, Malam Lawali. Shi ke son sani. Mu garin da munka sani ma ba mu iya komawa, ina amfanin wani?"

Wani yaro ya yi kuka kusa da ita, ta ce ana kiranta, ta yi mini sai an jima.

Mama Loretta ta same ni a wurin da kwanon abincina. Ba ta ɗaga gira ba, ta ga fuskata. Na miƙa mata takardar, ta karɓa da hannu biyu, ta bi haruffan da yatsa tana motsa leɓe, ta kasa furtawa. Ta ce, "Gari da suna, har da na uwa." Ta daɗe tana kallon kurmin da ke bayan fadama. "Da ni aka ba wannan, da na mutu da daɗi." Ta ninke ta, ta mayar mini a tafin hannu, ta rufe yatsuna a kai. Ba ta ce Allah ya yafe maka ba, ba ta ce ba laifinka ba ne. Ta ɗauki kwanonta ta koma.

Yau shekara biyu ke nan. Takardun zamana sun ƙare, ba karatu, ba abin komawa gida da shi, kunya kuma ta hana ni komawa hannu rabbana. Inna Kulu ma ta bi Baba Nomau da azumin bara. Takardar tana cikin fasfona, ta fara yagewa a wurin ninki. Yanzu duk duniya ni kaɗai na san sunan yaron nan da aka ɗauke a bakin gona, ni jikan waɗanda suka sa masa Nasamu. Shekara talatin da ɗaya na yi gida ɗaya da amsar, tsakanin ɗakina da na Inna taku goma ne.

Ranar da na yi waya da Hassi ban tashi daga wurin ba sai da shugaban aikinmu ya leƙo ta tagar mota ya buga ƙaho. Ya ce akwai biki ran Asabar, amarya tana son hoto kusa da shingen, in tabbata gefen dutsen maigida ya fito tsaf. Na sa takardar a aljihu, na ɗauki almakashi, na durƙusa a gaban kabarin na fara.